Rayuwa da Ciwon Suga Nau'i na Ɗaya a Legas: Tambayoyin da Aka Fi Yi Min

Ina ɗan shekara 13 aka gano ina da wannan ciwo, yau kuma na haura 30, da mata da 'ya'ya biyu. A Agege nake zaune, a kasuwar Mile 12 nake neman abinci, harkar albasa. Ni ba likita ba ne. Amma da yake kowa a unguwa ya san ina yi wa kaina allura, duk wanda aka ce ɗansa ya kamu da suga, ni ake nuna masa. Tambayoyin nan su ne waɗanda suka fi maimaituwa, a bakin masallaci, a waya, ko a bencin asibiti muna jiran layi. Adadin insulin da mutum zai yi kuwa, wannan tsakaninsa ne da likitansa.

Ba tsofaffi suga ke kamawa ba? Yaya aka yi ya kama yaro?

Sunan ne ɗaya, ciwon daban. Wanda aka saba gani wurin iyayenmu shi ne nau'i na biyu: jiki yana samar da insulin, amma ba ya jin sa yadda ya kamata, shi ya sa ƙwayoyi da gyaran abinci kan riƙe su shekara da shekaru. Namu kuwa, garkuwar jiki ce da kanta ta juya ta lalata ƙwayoyin da ke haɗa insulin a cikin fankiriyas, wata 'yar tsoka da ke kwance bayan tumbi. Insulin shi ne mabuɗin da ke shigar da suga daga jini zuwa naman jiki. Idan babu shi, mutum zai ci ya ƙoshi amma jikinsa na fama da yunwa, sugan kuma ya taru a jini ya riƙa fita ta fitsari.

Alamominsa ba sa ɓuya: ƙishirwar da ba ta yankewa, fitsari dare da rana, rama cikin 'yan makonni, kasala. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi. Ni mahaifiyata ce ta fara lura kiyashi na taruwa a inda na yi fitsari a bayan gida. Sau biyu ana ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro kafin wani ya tuna da gwajin suga na ɗigon jini a yatsa. Yawanci yara da matasa yake kamawa, amma yana iya zuwa wa babba ma.

Shan zaƙi ne ya jawo? Ko jifa aka yi masa?

Ko ɗaya. Alawa ba ta kawo shi, uwa ba ta yi sakaci ba, kishiya ba ta da hannu, kuma ba a ɗaukar sa ta kwano ko shimfiɗa. Ina nanata wannan domin na ga gidan da zumunci ya tsinke a kan zargi, alhali yarinyar allura kawai take buƙata.

Ana warkewa? An ce akwai mai magani a Alaba Rago, wani ma a Facebook yake talla.

Har yau babu abin da ya maye gurbin insulin. Shuwaka, zogale, garahuni, habbatus sauda, ruwan kuɓewa, babu wanda cikinsu zai sa jiki ya koma haɗa abin da ya daina haɗawa. Ka ci zogalenka, ganye ne mai amfani, ka yi addu'a, a yi maka tofi, babu mai hana ka. Amma ranar da wani ya ce ka ajiye allura ka gwada nasa na mako biyu, to da ranka yake caca.

Akwai wani tarko da ke ruɗin iyaye. Bayan an fara allura, wasu yaran kan sami 'yan watanni da buƙatarsu ta insulin ke raguwa sosai, domin ragowar ƙwayoyin da ba su gama mutuwa ba sun ɗan farfaɗo. Idan aka yi dace lokacin ne aka fara ba yaro jiƙo, sai a ce jiƙon ne ya yi aiki, a jefar da sirinji. Bayan wata uku a kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti.

Kafin 1921 wannan ciwo hukuncin kisa ne. A shekarar ce Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a Janairun 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya tashi. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon suga ta duniya. Duk lokacin da na gaji da allura nakan tuna cewa da a zamanin kakan kakana aka haife ni, da ban ga shekara 15 ba.

Wuta ba ta zama. Ina zan ajiye insulin?

Wannan ce tambayar Legas. Kwalbar da ba a buɗe ba, firji take so, sanyin digiri 2 zuwa 8, can tsakiya, nesa da wurin ƙanƙara. Insulin da ya daskare ya mutu, ko ya narke kada a yi amfani da shi. Na taɓa asarar kwalba biyu haka: na kai ajiya wurin wani maƙwabci mai sayar da ruwan leda, yaronsa ya ga kamar gata zai yi min, ya tura su can ƙasan firiza.

Wadda aka buɗe ake amfani da ita kuwa, ba dole sai firji ba. Tana kai kusan kwana 28 a ɗaki idan ba rana ke dukanta ba. A 2021 ma ƙungiyar likitocin nan ta MSF da Jami'ar Janeba sun fitar da wani bincike da suka gina kan zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda yanayi ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37, suka ga insulin ya riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗu. Wannan ya kwantar wa da yawanmu hankali, amma ba lasisin barin kwalba a gaban mota ko kusa da risho ba ne.

Dabarar gida ita ce randa. A sa kwalbar cikin 'yar roba mai murfi, a ajiye a ƙaramar tukunyar ƙasa, a sa tukunyar cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ita ce dabarar da marigayi Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Sai dai a sani, tana sanyi ne ta hanyar bushewar ruwa, iskar Legas kuma jiƙe take, don haka ba za ta yi sanyin da take yi a Dutse ko Kano ba. A ajiye ta inda iska ke ratsawa. Idan insulin mai kama da ruwa ya yi duhu-duhu, ko mai kama da madara ya yi gudaji ya ƙi haɗewa bayan an murza shi a tafin hannu, ya tashi daga aiki.

Kuɗin fa? Abin ya fi ƙarfina.

Ba kai kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira a Yuni, insulin da sitirif ɗin gwaji, 'yan tsinken da ake ɗiga wa jini a sa a na'urar auna suga, suka yi tashin gwauron zabo, domin daga waje ake shigo da su. Na san masu raba allurar yini ɗaya gida biyu don kwalba ta kai ƙarshen wata. Na yi hakan ni ma, sau ɗaya, kuma kuɗin gadon asibitin da ya biyo baya ya ninka abin da na so in tsimi.

Abin da zan ce: ka faɗa wa likita gaskiyar aljihunka. Insulin irin su Lantus da NovoRapid sun fi sauƙin sarrafawa, amma Mixtard, Actrapid da Insulatard na kwalba sun fi araha, kuma mutane sun yi shekaru masu yawa a kansu lafiya lau idan an kiyaye lokacin abinci. Likita ne zai tsara sauyin, ba mai kemis ba. Ga yara, a je asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja, a tambayi sashen yara masu suga ko suna da hanyar tallafi, domin akwai shirye-shirye irin su Life for a Child da ke taimaka wa yara da insulin a ƙasashe irin namu ta hannun asibitoci. A kuma bincika inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, a ji abin da take ɗauka.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: sirinji iri biyu ne. Lambar da ke jikin kwalba ƙarfin insulin ɗin take nunawa: mai alamar U-100 sai da sirinjin U-100, mai U-40 sai da na U-40. Idan ka ja U-100 da sirinjin U-40 ka tsaya a kan 10, to 25 ka yi wa kanka. Ka karanta jikin kwalba da jikin sirinji kafin ka bar kanti, kada kunya ta hana ka. Idan dole ta sa ka maimaita sirinjinka, ka rufe shi da murfinsa, amma ko ɗan'uwanka ciki ɗaya kada ku yi tarayya.

To me zai ci? An ce sai alkama da acca da wake.

Wannan magana ta cuci yara da yawa. Yaro mai tasowa yana buƙatar abinci kamar kowa, aikin shi ne daidaita allura da abin da aka ci. Tuwon alkama ma suga yake zama a jini, kamar na shinkafa da na masara da teba da amala. Bambancin ba shi da yawa, malmala nawa aka ci ita ce magana. Ni dai na san jikina: burodin Agege da shayi mai madarar gwangwani na tura sugana sama kamar roka, koko mai suga haka, fura da aka dama da suga haka. Ƙosai, alale, wake, ƙwai, tsire, kifi, miyar kuka ko ta ganye, waɗannan a hankali suke tafiya. Lemon kwalba na mayar da shi magani, sai suga ya faɗi nake taɓa shi.

Hanyar sanin naka ita ce gwaji kafin cin abinci da awa biyu bayansa, a rubuta a littafi. Yawancin likitoci na son lambar da na'urar gwaji ke nunawa ta zauna tsakanin 70 da 180. Idan na'urarka ƙananan lambobi take nunawa, irin su 5.5, ka ninka da 18 ka sami wancan lissafin. Masu hali suna liƙa na'urar da ke karanta suga dare da rana a damtse, kamar FreeStyle Libre mai kwana 14. Tana da daɗi ƙwarai, tana kuma cin kuɗi ƙwarai.

Kada a ware wa yaro tukunyarsa. A rage suga da lemo a gidan gaba ɗaya, kowa ya amfana.

Yaya ake gane suga ya faɗi, me kuma za a yi?

Ƙasa da 70 ya faɗi. Rawar hannu, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai cizo, faɗa babu dalili, magana kamar ta mashayi. Maganinsa nan take: ƙwayar sukari 3 ko 4, ko cokalin miya ɗaya na zuma, ko kusan rabin kwalbar lemo mai suga. A jira minti 15, a sake gwadawa, idan bai hau ba a ƙara. Bayan nan a ci wani abu mai riƙe ciki.

Wata safiya na yi Mixtard a gida da niyyar in karya a kasuwa, na shiga danfo, motar hayar Legas. Tsakanin Ojota da Ketu wata tirela ta faɗi, gosulo ya tsaya cak. Wajen awa ɗaya da rabi sai na ji rigata ta jiƙe, na sa hannu a aljihu, ashe sukarin yana cikin rigar jiya. Kwandasta na tambayar kuɗi, ina kallon bakinsa ban gane abin da yake faɗa ba, har ya fara cewa aboki ya sha ƙwaya. Wata dattijuwa Bahaushiya da ke bayana ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, lafiya kuwa?" Da ƙyar na ce, "Suga, Inna." Ba ta tsaya tambaya ba, ta leƙa taga ta ƙwala wa mai tallar lemo kira, ta buɗe da kanta ta riƙe min kwalbar saboda hannuna ya ƙi. Da na dawo hayyacina na zaro kuɗi, ta ce, "Mayar da kuɗinka, jikata ma irin naka gare ta." Tun daga ranar, kowace riga tawa da ƙullin sukarinta, kuma ba na yin allurar abinci sai abincin yana gabana ko a jakata.

Idan mutum ya suma, kada a ɗura masa komai, ba ruwa, ba manja, ba madara, kada a cusa cokali a bakinsa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa, a ce musu mai insulin ne. Lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767. Wannan ne ya sa ɓoye ciwon ke da haɗari: mutanen da ke kusa da kai a rumfa, a gareji, a ɗaki, su ne za su cece ka, kuma ba za su iya ba idan ba su sani ba.

Yana zazzaɓi, yana amai, ba ya cin komai. In dakatar da allurar?

A'a, kuma wannan kuskuren ne ya fi kai yaranmu kabari. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, maruru, duk suna tura suga sama ko mutum bai ci ba. Idan insulin ya yanke, jiki zai koma ƙona kitse, wata guba mai tsami da ake kira kiton ta taru a jini. Alamunta: amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki na warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, barci mai nauyi. A riƙa gwaji duk awa 2 zuwa 4, a sha ruwa kaɗan-kaɗan, a kira likita ya faɗi yadda za a gyara adadin. Idan suga ya wuce 250 ga amai ya ƙi tsayawa, asibiti za a nufa a daren, ba kemis ba, ba kuma sai gari ya waye ba.

Malam, azumi fa?

Nan ne zuciya ke ciwo, na sani. Ranar da kowa ke sahur kai kana kallo, sai ka ji kamar an fitar da kai daga sahu. Amma ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame, malamai kuma sun yi bayanin ciyarwa ga wanda ciwonsa ba mai tafiya ba ne. Likitoci suna lissafa nau'i na ɗaya cikin masu haɗari sosai a azumi, musamman yaro, mai ciki, mai ciwon ƙoda, da wanda sugansa ke faɗuwa bai ji alama ba.

Akwai waɗanda sugansu ya daidaita suke yi da sa idon likita. Mai wannan niyya ya je asibiti tun Rajab ko farkon Sha'aban a sake masa tsarin allura. Ɗigon jinin gwaji ba ya karya azumi, don haka a yi ta gwadawa. Idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a karya azumin nan take, ko saura minti goma a kira magariba. Ni na gwada shekara biyu, na ga dakon buhu a rana da azumi ba sa haɗuwa a jikina, na koma ciyarwa. Limaminmu ne ma ya ce min, "Malam, wanda ya yi maka sauƙin ya fi ka sanin jikinka."

Zai iya makaranta?

Ƙwarai. A sanar da malamin aji da malamin Islamiyya, a bar masa sukari a jaka, a ƙyale shi ya fita fitsari ko ya ci abu a tsakiyar darasi. Abin da ban goyi baya ba shi ne a tura irin wannan yaro almajiranci nesa da gida, inda ba a san lokacin da abinci zai samu ba.

Wa zai aure ta? Kuma 'ya'yan za su gada?

Iyaye mata ne suka fi yin wannan tambaya, a hankali, bayan kowa ya tashi. Mace mai nau'i na ɗaya tana aure, tana haihuwa, tana shayarwa. Sharaɗin shi ne a shirya cikin: a daidaita suga tun kafin a ɗauka, a fara folik asid, a yi awo a babban asibiti, a haihu a can. Namiji ma haka, matsalar kwanciya da ake tsoro tana zuwa ne bayan shekaru na suga mara daidaito, kuma ana duba ta.

Gado kuwa, akwai amma kaɗan ne. Idan uba ne ke da shi, kusan ɗa 1 cikin 17 ke iya samu, idan uwa ce, 1 cikin 25 ko ƙasa da haka. Yawancin masu ciwon ma babu kowa mai shi a danginsu.

Shawarata, a faɗa tun ana neman aure. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ni a zance na uku na fito da sirinji na ajiye kan tabarma. Ta dube shi ta ce, "Da zafi?" Yanzu ita ke tashi na da dare idan ta ji ina gumi.

Aikin ƙarfi, ƙwallo, tuƙi?

Nacho, wanda ya ɗaga wa Real Madrid kofin zakarun Turai a 2024 yana kyaftin, tun yana ɗan shekara 12 yake da wannan ciwo. Theresa May ta yi Firayim Ministar Birtaniya daga 2016 zuwa 2019 tana allura. Aikin ƙarfi yana sauke suga, wani lokaci har cikin dare bayan an gama, don haka a gwada, a ci wani abu. Mai keke Napep ko direba kada ya tayar da mota idan yana ƙasa da 90.

Gaskiya ne ƙarshenta makanta ce da yanke ƙafa?

Suna faruwa, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ba ƙaddarar kowa ba ce. Shekaru na suga a sama ne ke cin jijiyoyin ido, ƙoda da ƙafa a ɓoye. Akwai gwajin jini mai suna HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan wata uku, ana so ya kasance kusa da 7 ko ƙasa. Wanda ya kai shekara 5 da ciwon ya riƙa duba ido da fitsari sau ɗaya a shekara, ko ba ya jin komai, a auna hawan jini, a bar sigari. Ƙafa kuwa, alwala ta ba mu dama sau biyar a yini: ka duba tsakanin yatsu, ka tsane. Kada ka shiga ruwan ambaliyar damina da ciwo a ƙafa, kada ka ba masu yankan farce na bakin titi ƙafarka. A riƙa sauya wurin allura tsakanin ciki, cinya da damtse, domin wurin da ya yi ƙulli ba ya shan insulin daidai.

Na gaji. Wani lokaci ba na son ko ganin na'urar.

Duk wanda ya ce bai taɓa jin haka ba, bai daɗe da ciwon ba. Aiki ne da babu Juma'a babu Sallah. Sai ka yi komai daidai, lamba ta fito 280, ka rasa dalili. Iyaye, idan yaro ya nuna muku lamba mai yawa kada ku fara da "me ka sata ka ci?" Daga ranar zai fara ƙirƙirar lambobi a littafi, na yi, na sani. Idan gajiyar ta kai ga barin allura ko tunanin mutuwa, a faɗa wa likita, wannan ma ciwo ne da ake magani. Kuma a nemi wani mai irin ciwon a riƙa gaisawa. Mu shida ne a tsakanin Agege da Idi-Araba, idan kwalbar wani ta fashe da dare, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Za mu tafi gida Sallah. Me zan ɗauka?

Ninkin abin da kake tsammanin za ka buƙata, domin hanyar Legas zuwa Kano ba ta da alƙawari, kuma ba kowane gari za ka sami irin insulin ɗinka ba. Insulin ya zauna a jikinka cikin ƙaramar jaka, ba a but ba, ba cikin kayan da aka ɗaure a saman mota ba. Fulas mai ɗan ruwan sanyi yana riƙe shi, amma kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara. Ka raba kayan gida biyu, rabi wurinka rabi wurin abokin tafiya. Burodi, gyaɗa, dabino da sukari a hannu, don direba ba zai tsaya saboda sugan ka ba. Ka rubuta sunan insulin ɗinka da adadin da kake yi a 'yar takarda, da Hausa da Turanci, ka sa a aljihun gaba tare da lambar wayar wani na gida.